Laktaye Ba Shadda Ba Ne

Ƙannena, da ku nake yau, ku da karatu ko neman abinci ya kai ga sa kwat da laktaye. Wanda ya samu gurbi a makarantar horar da lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda, ya san ba a shiga aji sai da baƙar kwat, farar riga da baƙin laktaye. Haka sabon ma'aikacin banki, haka wanda aka kira ganawar ɗaukar aiki ranar Litinin, haka yaran sakandare, maza da mata, da makarantarsu ta sa shi cikin yunifom. Yawancinmu ba mu tashi mun ga iyayenmu maza suna ɗaura shi ba, don haka babu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake riƙonsa. Abin da muka gada shi ne ilimin shadda: a sa sitaci, a yayyafa ruwa, a danna dutsen guga da ƙarfi har kari ya tsaya, ko a kai wa masu bugu su daka ta har ta ɗauki sheƙi. Wannan ilimi daidai yake a kan shadda. A kan laktaye kuwa, babu hanyar da ta fi shi saurin lalata kaya.

Ban zo yi muku tallar suturar Turawa ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 da babbar rigarsa, kuma babu abin da ya ragu daga kwarjininsa. Su masu abin ma sun fara sassautawa. A 2005 gwamnatin Japan ta nemi ma'aikata su ajiye laktaye a lokacin zafi don a rage kunna na'urar sanyaya ofis, a 2017 kuma kakakin majalisar dokokin Birtaniya na lokacin, John Bercow, ya yarda ɗan majalisa ya tashi ya yi magana ba komai a wuyansa. Sai dai malamin da ke tsaye a bakin ƙofar ajinka, da manajan da zai yi maka tambayoyi, ba ruwansu da abin da aka yi a Tokyo ko Landan. Tunda dole ta sa za ka ɗaura, to ka ɗaura mai kyan gani. Laktaye shi ne abin da ke zaune daidai ƙarƙashin fuskarka, inda idon mai magana da kai yake sauka. Takalmi na iya ɓuya a ƙarƙashin tebur, shi kuwa ba shi da maɓoya.

Kafin maganar gyara, ɗauko laktayenka ka juya bayansa, mu ga da me aka yi shi. Za ka ga an naɗo gefe biyu sun haɗu a tsakiya, an kama su da ɗinki sako-sako. Sa yatsa a hankali ka ɗan buɗa, za ka ga wani ƙyalle mai kauri a kwance a ciki tun daga wannan kai har wancan. Wannan ciko shi ne ke ba laktaye jiki. A masu tsada na ulu ne, a masu araha na roba. A wasu kuma, kusa da ƙarshen, za ka tarar da ɗan zare ya fito ya yi zobe kamar an manta ba a yanke shi ba. Kada ka kai masa almakashi. Zare guda ne ya bi tsawon laktayen, aka bar masa rara da gangan domin idan an ja ƙyallen wajen ɗauri ya samu wurin motsi, ya kuma koma yadda yake bayan an kwance. Wanda ya yanke shi don neman tsafta, nan da 'yan kwanaki zai ga bayan laktayensa ya buɗe baki.

Sai kuma yankan. Ɗauki hankici ka ja shi ta tsawonsa, za ka ji ya ƙi. Ka kama kusurwa biyu masu kallon juna a gicciye ka ja, za ka ji yana miƙewa, ka saki ya dawo. Laktaye na kirki a haka ake yanka shi, a karkace, kan digiri 45 daga yadda zaren saƙar ya tafi. Wani maɗinki a birnin New York mai suna Jesse Langsdorf ne ya tsayar da wannan tsari a shekarun 1920, tare da haɗa laktayen daga ƙyalle uku, kuma har yau a kansa ake. Albarkacin wannan yanka ne laktaye yake zagaye wuya ba tare da ya murɗe ba, yake karɓar ƙulli, ya kuma sauka a miƙe a kan ƙirji. Amma abin da ke miƙewa da sauƙi yana iya miƙewa fiye da ƙima. Idan ka danna masa dutse mai zafi ka ja daga sama zuwa ƙasa yadda kake yi wa wando, ƙyallen waje zai ƙara tsawo, cikon ciki ya tsaya inda yake, su biyun su daina tafiya tare. Daga ranar, duk yadda ka ɗaura shi sai ya karkace. Ga kuma gefunan: a laktaye mai lafiya gefe a naɗe yake, da ɗan tudu mai laushi, kuma wannan tudu shi ne kyansa. Guga ɗaya mai nauyi ta isa ta mayar da shi kari mai kaifi, kuma irin wannan karin ba ya fita.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Mafi yawan yamutsewar laktaye ba a akwati take samuwa ba, kuma ba a wajen aiki ba. A wajen cirewa take samuwa. Na sha ganin samari suna kai laktaye wurin wani aboki da ya iya, ya ɗaura musu sau ɗaya, shi ke nan ƙullin ya zauna har ƙarshen zangon karatu. Da yamma a sassauta zargen a zare ta kai, a rataye a ƙusa; da safe a sake zura kai a ja. Na fahimci dalili, tsoron kada a kwance a kasa mayarwa ne. Amma duba abin da ke faruwa a cikin ƙullin nan. Ƙyallen yana lanƙwashe a wuri guda, a matse, yana shan gumin wuya da zafin jiki yini guda, sannan ya bushe a haka da dare. Danshi da ɗumi da matsi, sannan bushewa: wannan shi ne ainihin abin da guga take yi don tsayar da kari. Kenan kullum kana goge yamutsewar da kanka, kana ƙara kafa ta. Bayan wata biyu, ko gwanin gwanaye ka kai wa, layin da ƙullin ya bari ba zai ɓace gaba ɗaya ba, wurin kuma zai yi duhu da maiƙo.

Maganin wannan ba a kasuwa yake ba. Ka koyi ɗauri. Wasu masana kimiyya biyu a jami'ar Kambirij, Thomas Fink da Yong Mao, sun zauna da lissafi suka fitar da hanyoyi 85 na ɗaura laktaye, suka buga littafi a kai a 1999. Kai hanya ɗaya kake bukata. Ka rataya shi a wuya, ɓangare mai faɗi ya fi siririn tsawo sosai. Ka gifta mai faɗin ta kan siririn, ka zagayo da shi ta ƙarƙashi, ka sake giftawa ta gaba, ka turo shi sama ta ramin wuya daga ciki, sannan ka zura shi ƙasa ta cikin zoben da ya samu a gaba, ka ja a hankali. Shi ke nan. Bakin laktayen ya tsaya daidai kan bel. Maraice ɗaya gaban madubi ya isa hannu ya haddace. Wannan ƙaramin ƙulli ya ma fi babban nan mai kusurwa uku da ake kira Windsa tausayin ƙyalle, domin naɗinsa kaɗan ne. Kowane ƙarin zagaye ƙarin wurin lanƙwasa ne. Kuma ba sai ka shaƙe kanka ba. Wanda ya ja ƙulli har jijiyar wuya ta tashi ya cuci wuyansa ya cuci ƙyallen.

Wajen kwancewa, ka bi sawun ɗaurin da baya: ka sassauta, ka zaro mai faɗin daga zobe, ka fito da shi daga ramin wuya, ka warware zagayen. Yawancin mutane siririn ɓangaren suke fizgowa ta cikin ƙullin don ya fi sauri, kuma a nan ne ɗinkin baya yake tsinkewa, cikon yake murɗewa.

Da ka kwance, yana da sauran ɗumin jiki, to lokacin gyara ke nan. Ka kama siririn kai ka naɗe shi a kan yatsunka huɗu, sako-sako, fuskar tana waje, har ka kai ƙarshen mai faɗi. Ka zare hannunka ka ajiye naɗin a kan gefensa a tebur ko cikin aljihun durowa ya kwana. Da safe ka warware ka rataye shi a hanga, kawunan biyu suna lilo, nauyinsa ya ƙarasa aikin. Ƙananan lanƙwasa na yini guda yawanci a nan suke ƙarewa, musamman idan cikon ulu ne, domin ulu yana son komawa siffarsa in an bar shi ya huta. Saboda haka ne ma nake ba da shawarar a mallaki aƙalla biyu, ko da na gwanjo ne, a riƙa ba kowanne hutun kwana ɗaya. Iri guda ne ba a ratayewa, wato wanda aka saƙa kamar safa, mai yankakken baki. Shi rataya tana ƙara masa tsawo, a naɗe kawai ake ajiye shi.

Idan kwana a naɗe bai wadatar ba, sai tururi. Ga abin da ke sa yake aiki: siliki da ulu daga jikin halitta suka fito, ɗaya daga tsutsa ɗaya daga tunkiya, kuma zarensu yana shan danshi. Ulu na iya riƙe ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji ya jiƙe a hannu ba. Idan danshi mai ɗumi ya shiga, abin da ya riƙe zaren a lanƙwashe yana saki, zaren ya yi laushi, nauyin laktayen ya ja shi ya miƙe. Da ya huce ya bushe sai ya tsaya a miƙen. Ba a bukatar dannawa ko kaɗan. Shi ya sa a hunturu, lokacin da iskar Kano ko Damagaram ta bushe har leɓe na tsagewa, za ka rataye laktaye kwana uku yamutsewar tana nan, amma da damina dare ɗaya ya isa.

A ƙasashen sanyi shawarar da ake bayarwa ita ce a rataye shi a banɗaki a sakar wa kai ruwan zafi, ɗakin ya cika da tururi. Wanda yake da irin wannan banɗaki, ya yi hakan na minti goma zuwa sha biyar, laktayen yana nesa da feshin ruwa. Amma mu da yawancinmu da bokiti muke wanka, wasu ma bayin ba rufi, dole mu nemi tamu dabarar, kuma muna da ita tuntuni. Sirace za ka yi masa, irin wanda ake yi wa mai mura. Ka tafasa ruwa ka juye a bokiti ko roba mai faɗi, ka ajiye a ƙarƙashin kujera ko tsakanin kujeru biyu da ka gitta wa sanda, ka rataye laktayen a sama yadda bakinsa ba zai kusanci ruwan ba, sannan ka lulluɓe duka da zani mai tsabta, ka kula kada zanin ya kwanta a kansa. Bayan kamar minti goma ka yaye. Za ka ji ya yi ɗumi da ɗan laushi. A nan mutane suke ɓata aikin, su ɗauka su ɗaura nan take saboda sauri. Ƙyallen da ke da danshi yana karɓar duk siffar da aka ba shi, don haka sabon ƙullin zai fi na jiya shiga. Ka bar shi a rataye ya huce, ya bushe ƙarau, ko da rabin awa ne. In da hali, ka yi wannan aikin da dare.

Idan lanƙwasar a wuri guda take, butar shayi ta fi. Ka bari ta tafasa tururi na fita ta hanci, ka riƙe laktayen da hannu biyu, bayansa yana fuskantar tururin, tazarar kamar taƙi guda, kana kai shi kana kawowa. Kada ka tsaya wuri ɗaya, kada kuma ka matsa kusa, domin bakin buta yana tofar da ɗigo, ɗigon ruwa kuma yana barin zobe a jikin siliki, musamman ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri. Ka kula da yatsunka: ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa shiga jiki. Daga nan ka shimfiɗa shi kan tawul busasshe ka shafa wurin da tafin hannu, shafawa irin ta lallashi, ba tare da ja ba.

Wata dabarar, ga ɗalibin da ba shi da komai sai risho: ka cika kwalba mai santsi da ruwan zafi, ba mai tafasa ba don kada ta fashe, ka toshe, ka goge bayanta ya bushe sarai, ka naɗe wurin da ya yamutse a jikinta ka bar shi har ruwan ya huce. Ɗumi ne mai sauƙi, a kan abu mai zagaye, don haka ba ya taɓa gefuna.

'Yan'uwana mata da ke kula da kayan gida, ga roƙo ɗaya. Kabbasa da turaren wuta suna yi wa atamfa da shadda kyau, amma a keɓe laktaye. Hayaƙi daban, tururi daban. Hayaƙin turare busasshe ne, ga maiƙo, yana dusashe launin siliki, ba ya kuma sakin ko lanƙwasa ɗaya. Ku ma samari masu feshe jiki da turare bayan an gama shiri, ku juya tsarin: a fesa, a bari ya sha iska, sannan a ɗaura. Turare mai mai idan ya ɗiga a laktaye ya zauna ke nan.

Duk abin da na faɗa ya fi aiki a kan siliki da ulu. To amma gaskiya mafi yawan laktayen da ke wuyan ɗalibanmu na roba ne, wato folista. Ka duba ɗan ƙyallen rubutu da ke bayan siririn ɓangaren, a nan ake faɗin abin da aka yi shi da shi. Folista ba ta shan ruwa, abin da take riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka zafin tururin ne kawai yake mata aiki, danshin bai dame ta ba. Ba ta saurin yamutsewa, amma in ta yamutse tana da taurin kai, kuma ita ce ta fi jan mutum zuwa ga dutsen guga. Ita ce kuma ta fi saurin nuna ɓarna, domin roba ce: zafi ya ɗan wuce ƙima sai fuskar ta narke ta yi ƙyalli, ta bar maka hoton dutsen a ƙirji.

Mu zo ga gugar, tunda na san wani zai ce duk ya gwada bai yi ba, ga shi gobe da ƙarfe takwas ake jiransa. Ana iya yi, amma da sharuɗɗa. A jikin dutsen lantarki akwai ɗigo-ɗigo: ɗigo ɗaya zafinsa ya tsaya wajen digiri 110, biyu wajen 150, uku wajen 200. Mai ɗigo uku na auduga da lilin ne, nan ne hannunmu ya saba kaiwa saboda shadda. Laktaye ɗigo ɗaya ne, kuma idan ƙyallen rubutunsa ya nuna hoton dutsen guga da aka soke da gicciye, ka yarda da shi. Ka nemi kwali mai tsabta marar rubutu, ka yanka shi siffar ɓangare mai faɗi amma ya ɗan fi shi ƙanƙanta, ka zura ta baki tsakanin fuska da naɗin baya. Amfaninsa biyu: yana hana ɗinkin baya fitowa a fuska kamar layi, yana kuma ɗaga tsakiya yadda dutsen ba zai kai ga gefuna ba. Ka kifa laktayen kan tawul, ka shimfiɗa farin hankicin auduga a kai, mai ɗan sanyin danshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga. Ka fara gwadawa a siririn ɓangaren da ke ɓuya a baya. Sannan ka ɗora dutsen ka ɗaga, ka ɗora ka ɗaga, daƙiƙa biyu ko uku, nauyinsa yana hannunka. Ba a jan sa, ba a danna shi, ƙarfen kuma ba ya taɓa ƙyallen kai tsaye. Bayan kowane ɗori ka ɗaga hankicin ka duba. Da ka ga launi na sauyawa ko ƙyalli na fitowa, ka tsaya. Idan dutsenka mai fesa tururi ne, ka ma huta da duk wannan: ka riƙe shi sama da hankicin kaɗan, ka bar tururin ya yi aikin.

Dutsen gawayi kuwa, ra'ayina a bar shi. Ba shi da ma'aunin zafi sai tofin yawu da ƙwarewar mai riƙe da shi, yana zubar da toka, wani lokaci ya tofo tartsatsi. Rami ɗaya a gefen babbar riga na iya ɓuya cikin naɗi. A laktaye mai faɗin santimita takwas babu inda zai ɓuya. In an ɗauke wuta, ka koma ga buta da kwalba. Haka kuma idan za ka kai kaya wurin mai wanki da guga na unguwa, ka cire laktayen daga aljihun kwat tukuna. Ba mugunta zai yi maka ba, gwaninta zai nuna maka: ya jiƙa, ya cuɗa, ya sa sitaci, ya goge shi ya yi shafal, ya miƙo maka yana jiran yabo.

Tunda an ambaci wanki, laktayen siliki ba a tsoma shi a ruwa, domin ƙyallen waje da cikon ba sa shan ruwa daidai, ba sa kuma bushewa daidai. Ɗaya ya tsuke ya bar ɗaya, sai ka samu tudu da kwari da babu tururin da zai gyara. Na folista yana jure wankin hannu a ruwan sanyi da ɗan sabulu, ba cuɗa, ba murɗa, a matse shi cikin tawul a shanya a kwance a inuwa. Idan miya ta ɗiga, kada ka goga, ka kwashe da bakin cokali, ka danna da busasshen hankici. In maiƙo ne, ka barbaɗa hoda ko garin alli ka bar shi ya kwana, da safe ka kaɗe. Muhimmin abu, kada zafi ya taɓa tabo kafin ya fita, ko na guga ko na tururi, domin zafi yana dafa shi a cikin zaren. Manja kuwa sai dai rigakafi: in za ka ci abinci a ofis, ka cusa laktayen tsakanin maɓallan riga. Kuma a hunturu ka lura da hannunka. Kaushi yana kama zaren siliki ya jawo shi, man shafawa kuma yana barin tambarin yatsa, don haka a ɗaura kafin a shafa mai, ko a wanke hannu a tsane.

Wanda zai saya, kada ya raina gwanjo. A cikin tulin da ake zubewa a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari ana samun laktayen silikin Komo ta Italiya a kwance tare da na roba da ake yi da yawa a Shengzhou ta ƙasar Sin, kuma sau da yawa kuɗinsu ɗaya, don mai sayarwa launi yake dubawa. Dukansu za ka gan su a cukurkuɗe saboda matsin dila, wannan kada ya hana ka. Abin da za ka gwada shi ne, ka kama siririn kai ka bar shi ya sauka: in ya sauka a miƙe, yankansa daidai ne, in ya juya kamar igiya, ajiye shi, ba zai taɓa zama ba. Ka damƙe mai faɗin a tafinka ka saki, ka ga ko yana ƙoƙarin buɗewa da kansa. Ka duba wurin ƙulli ko ya koɗe ko ya yi duhu, ka duba gefuna ko wani ya riga ya kashe su da guga. Yamutsewar dila tana fita da sirace biyu ko uku. Koɗewa da ƙyallin ƙuna ba sa fita.

Idan tafiya ta kama, a naɗe shi sako-sako a sa cikin safa mai tsabta ko ƙaramin gwangwani, a warware da zarar an sauka. Aljihun wando da ƙarƙashin sirdin babur ba wurinsa ba ne. A gida kuma a nisanta shi da taga, don rana tana cin launin siliki tana raunana zaren, da damina kuma kada a kulle shi cikin leda, zai yi fumfuna. Wanda ya ari na abokinsa don ganawa, ya mayar da shi a kwance, a naɗe, ba da ƙullin da gumin jiya ba.

Akwai wanda duk dabarun nan ba za su tashe shi ba, wato wanda cikonsa ya riga ya naɗe ko ya murɗe a ciki. Za ka gane shi da taɓawa: fuskar lafiya lau, amma yatsa na jin wani tudu a ƙarƙashi da ba ya motsi. Wannan aikin tela ne, kuma ba kowane tela ba, ka nemi mai haƙurin aikin hannu, irin masu ɗinkin hula ko masu gyaran kwat. Ya warware ɗinkin baya daidai wurin, ya miƙar da cikon ya goge shi shi kaɗai, ya mayar, ya kama da allura sako-sako yadda ya same shi. Ka faɗa masa tun kafin ya fara cewa ba a hawa da shi kan keke, domin ɗinkin keke yana kulle ƙyallen ya hana shi miƙewa, ya kuma huda har fuska. In ya ce aikin ya fi kuɗin laktayen, to gaskiya ya faɗa idan na roba ne. Sai ka bar wa ƙaninka ya koyi ɗauri da shi, kai ka koma Ƙofar Wambai.